Jita, danƙon fata da zafin Adar

Duk wanda ya riƙe jita shekara biyu ko uku a ƙasar Adar ya san watannin Afrilu da Mayu ne ke kashe ta. Ba faɗuwa take yi ba, ba kuma yara ne ke taka ta ba. Tana nan rataye a ɗaki ko cikin jakarta, sai wata rana a ɗauko a tarar jakinta, wato ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke kafe a kansa, ya ɗaga ta baya har takarda na iya shiga ƙarƙashinsa. Bayan sati biyu bakin wuƙa ma zai shiga. Daga nan tsirkiya ta yi wa wuya nisa, yatsa ya kasa danne ta, sauti ya karkace. Mai ita ya ce gam ɗin kamfani ne ba shi da kirki, ya kai wa kafinta ko mai gyaran takalma, a tsiyaya mata sufa gulu. Ta yi wata guda ta sake ɓallewa, wannan karon har da naman katakon.

Wani zai ce jita ai abin wasan samari ce, me ya kawo ta cikin sharhi. A nan arewacin jihar Tawa ba haka take ba. Daga Tabalak zuwa Abalak da Cintabaradan akwai matasan da ita ce sana'arsu, da ita suke cin abinci a bukin aure da suna. Mdou Moctar, wanda yau yake zagaya Turai da Amurka da kiɗa, ɗan wannan yanki ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, a yankin Abalak, a kan jitar wanta ta koya, kafin faifan ƙungiyarsu ya fito a 2016 duniya ta ji su. A Tawa kuma ake gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu. Waɗanda suka yi ƙarfi sun koma jitar lantarki, wadda gangar jikinta dunƙulen katako ce, sau da yawa ma da sukuru ake ɗaure wuyanta, shi ya sa zafi bai cika yi mata illa ba. Amma mai koyo da mai ƙaramin ƙarfi a kan jitar akwati suke, irin wadda ƴan cirani ke riƙowa daga Libiya ko Aljeriya ko Abijan. Ita kuwa daga sama har ƙasa liƙi ce.

Kafin a zagi gam, a dubi kayan da ake ɗora masa. Tsirkiyoyin ƙarfe shida, in an ɗaure su daidai, jan da suke yi ya kai wajen kilo 70. Buhun shinkafa guda ke nan da kusan rabin wani, rataye dare da rana a kan ɗan katakon da bai fi tsawon hannu daga wuyansa zuwa yatsu ba, shi kuma yana manne a kan fuskar da kaurinta bai wuce milimita 3 ba. A jitoci masu araha akwai ƙarin wata matsala. Don saurin aiki, sau da yawa a kan fentin fuskar ake manna jakin, ba a kan tsiraicin katako ba. Gam ya kama fenti, fenti ne ke riƙe da katako, ranar da fentin ya gaji shi ke nan.

Akwai wani danƙo da masu ƙera jita da gogen Turawa suka daɗe suna aiki da shi, kuma har yau suna gardama a kan ko abin dogaro ne. Daga fata ake yin sa. Duk matar da ta taɓa dafa ƙafar sa ko ganda ta san asalinsa, ko da ba ta taɓa tunanin kafinta zai so shi ba. Romon da ya kwana cikin hunturu, da safe a tarar ya daskare yana rawa a tukunya, in ya taɓa yatsu su riƙa mannewa, to shi ne. Sinadarin da ke riƙe fata da jijiya ne zafi ya narkar ya fito cikin ruwa. In aka tace romon, aka bar shi a kan wuta maras ƙarfi har ya yi kauri, aka shanya, sai ya bushe ya yi tauri kamar ƙaro. A haka yana iya shekaru bai lalace ba. Ranar aiki a jiƙa shi da ruwan sanyi ya kumbura, a sa gwangwaninsa cikin tukunyar ruwan zafi, ya narke a wajen digiri 60. Ba a barin sa ya tafasa, don tafasa na kashe ƙarfinsa. A shafa da zafinsa, a haɗa katako, a matse.

Tsohon abu ne ƙwarai. A kabarin Rekhmire, wazirin Fir'auna Tutmos na uku, kusa da Luksor a Masar, akwai zanen bango na kusan shekara 3,500 da ke nuna ma'aikata suna ɗumama danƙo a wuta suna shafa wa katako. Antonio Stradivari na garin Kiremona a Italiya ya rasu a 1737, gogunan da ya haɗa da irin wannan danƙo kuwa har gobe ana kiɗa da su. Kamfanin Martin na Amurka, wanda aka kafa a 1833, da shi ya yi ta haɗa jitocinsa har cikin shekarun 1960, sannan ya koma ga gam na zamani. Ga masana'anta komawar tana da dalili: gam na zamani a kwalba yake zuwa, ba wuta, ba tukunya, ba wari, kuma yana ba ma'aikaci ƴan mintoci ya gyara zaman katako kafin ya kama. Daga baya kamfanin ya dawo da danƙon fata a kan wasu jitocinsa masu tsada.

Da na kai wannan zance wurin wani kafinta a Tawa, dattijo ne da muka daɗe muna hulɗa, bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Mushe, abin da ruwa ka narkarwa, ƙaƙa za ni ba shi amanar kujerar mutane?" Tambayar tana da nauyi, kuma ita ce dai Turawan ma ke yi wa junansu. Shi da farin gam yake aiki, wanda suke kira kol, kamar kowane kafinta daga nan har Ƙonni. Ya sha gani da idonsa cewa in aka haɗa katako biyu da shi da kyau, katakon ne ke karyewa kafin haɗin ya saki. Gaskiyarsa ce. Sai dai danƙon fata ma haka yake yi in an haɗa shi daidai. In ƙarfin rana ɗaya ake aunawa, babu mai kayar da wani a cikinsu. Inda suka rabu shi ne abin da ke kashe kowannensu, da irin mutuwar da yake yi.

Farin gam dangin roba ne. Ko ya bushe bai zama dutse ba, akwai sauran laushi a jikinsa. In aka ɗora masa nauyin da ba a saukewa, yana iya jan jiki sannu-sannu, kamar kwalta da tsakar rana ƙarƙashin tayar babbar mota. Zafi kuwa ƙara masa laushi yake yi. Masu gyaran jita ma da zafi suke cire jakin da aka manna da shi: su ɗumama wurin, su zura siririyar wuƙa, ya saki. Yanzu a kawo wannan Tawa. A Afrilu da Mayu digiri 41 ko 42 a inuwa abin yau da kullum ne, wasu ranaku ya haura. Ɗakin kwano da aka rufe da rana ya fi haka. Jita cikin baƙar jaka, ɗaure a saman mota tare da buhuna daga Tawa zuwa Abalak, ita kuma sai wanda ya taɓa jakar ya san abin da take ciki. Wato abin da mai gyara ke yi da gangan, bazara na yi wa jita kyauta, ga kuma kilo 70 na ja ba hutawa.

Danƙon fata in ya bushe tauri yake yi kamar gilashi. Ba ya jan jiki ƙarƙashin nauyi, kuma busasshen zafi irin namu ba ya narkar da shi. Sai ruwa ya shige shi, musamman in zafi ya taimaka, sannan yake saki. Yana da wata ɗabi'a kuma da kafintoci ke so, wato yayin da yake bushewa yana ƙanƙancewa, sai ya jawo fuskokin katakon biyu su ƙara matsuwa. Maƙiyinsa laima ce. To laima nawa gare mu? Ruwan da Tawa ke samu a shekara yana wajen milimita 350 zuwa 400, kusan dukkansa cikin wata uku zuwa huɗu. Sauran watannin ƙasa ƙamas take. Wanda ke zaune Abijan ko Kwatano ko Legas, inda takalmi ke yin fumfuna cikin akwati, in ya ji tsoron danƙon fata yana da hujja. Mu namu maƙiyin daban ne. Ni dai a ganina, tare da katakon da ake kawo mana daga kudu muka sayo har da tsoron mutanen kudu, muka bar abin da ya kamata mu ji wa tsoro.

Ba kuma ina cewa a shafa shi ko'ina ba. Ƙofa da taga, bencin majalisa da ke kwana waje, kujerar tsakar gida da ake wanki kusa da ita, kayan ɗakin da rufinsa ke yoyo a Agusta, duk ba wurinsa ba ne. In ya daɗe a jiƙe ruɓa yake yi, don nama ne. Ɓera da kyankyaso ma suna son sa. A irin waɗannan wurare dattijon nan ne mai gaskiya.

Sai dai zafi rabin labarin ne, sauran rabin na hunturu ne. Katako ko ya shekara ɗari yana shan danshin iska yana fitarwa. In ya sha ya kumbura, in ya fitar ya ƙanƙance, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ba ta tsawo ba. Masana'antun jita suna haɗa ta ne a ɗakin da danshin iskarsa ke wajen kashi 45 zuwa 50 cikin 100. A Adar, cikin Fabrairu da Maris, danshin yakan sauka ƙasa da kashi 20. Fuskar jita tana son ta ƙanƙance, amma a cikin cikinta akwai ƴan sanduna manne a gicciye kamar haƙarƙari, su kuma ba sa motsi. Dole wani abu ya ba da kai: ko haɗi ya buɗe, ko katako ya tsage. Masu ƙera gogen Turawa sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa da gangan suke tsinka danƙon da suke manna murfin goge da shi. In iska ta bushe, haɗin ne zai buɗe kafin murfin ya tsage. Buɗaɗɗen haɗi gyaran ɗan lokaci ne. Tsagaggen murfi kuwa tabonsa na nan har abada, darajar gogen ma ta faɗi. Ga masu jita a nan, dabara biyu ba sa cin ko dala: a sassauta tsirkiya in za a ajiye ta ko za a yi tafiya da ita cikin bazara, a kuma sa ɗan tsumma mai danshi cikin kwano mai huji a jakarta lokacin hunturu, ba tare da ya taɓa katako ba.

A nan ne nake ganin ya kamata a sake auna abin da muke nufi da abin dogaro. Mun saba ɗauka cewa haɗi mai kyau shi ne wanda ba zai taɓa saki ba. Babu irin wannan haɗi a kan abin da ke ɗauke da kilo 70 cikin iskar da ke juyawa daga buji zuwa marka kowace shekara. Abin tambaya shi ne, ranar da ya saki, me zai bari a hannun mai gyara? Danƙon fata yana fita da ɗumi da ɗan ruwa, ya bar katako yadda yake. Ko ba a kankare tsohon tas ba, sabon mai zafi yana narkar da shi su zama ɗaya. Farin gam sai an kankare shi har an kai tsiraicin katako, don sabo ba ya kama busasshen tsoho da kyau. Sufa gulu da gam ɗin nan mai kwalba biyu da ake cakuɗawa, su kuwa in sun shiga naman katako ba sa fita sai da shi. Jitar da aka yi wa irin wannan gyara sau biyu, ta uku babu wurin da za a manna wani abu.

Iyayenmu sun bi wata hanya dabam, suka kauce wa liƙi gaba ɗaya. Masassaƙi daga gungume guda yake fitar da turmi, daga guda yake fitar da akushi ko kujerar mata ko allo, shi da gizagonsa. Abin da ba a haɗa ba ai ba ya rabuwa. Maƙeri wuta yake sa wa ƙarfen gatari ya huda ƙota da shi, kowane sara kuma ƙara shigar da shi yake yi. Inda haɗi ya zama dole sai a nemi ɗanyar fata. A jiƙa ta, a yanka siri-siri, a naɗe haɗin tana da laushi, in ta bushe ta ƙanƙance ta shaƙe shi kamar ƙarfe. Haka ake yi wa itacen sirdi. In aka lura, sinadarin da ke cikin kirin nan shi ne dai ke cikin danƙon Stradivari, ƙanƙancewar ma ita ce. Su sun dafa fatar, mu mun bar ta ɗanya.

Kayan kiɗanmu ma haka suke. Akwai wani tsoho da ke kawo gurmi kasuwar Kalfu, na sha zama gabansa ina kallon aikinsa. Ƙoƙon duma ne, a lulluɓe bakinsa da jiƙaƙƙiyar fata a kafe ta, ta bushe ta yi tsam. Sanda ta ratsa. Tsirkiya tana ɗaure a gindin sandar, ta hau kan jaki, ta tafi sama inda aka naɗe ta da ƴar igiyar fata, wadda ake turawa gaba ko baya don gyara sauti. Na tambaye shi, "Baba, da mi kake liƙa jakin?" Ya dube ni kamar na tambayi abin dariya. Ya ce, "Ɗana, wa ka liƙa jaki? Kayan da anka aza mai su ka riƙe shi." Ya sassauta tsirkiyar, jakin ya faɗo a tafin hannunsa. A gurmi da garaya da molo da goge, tsirkiya danne jaki take yi ƙasa, ja kuma sanda ce ke ɗauke da shi. A jitar akwati tsirkiya cikin jakin take kafe, tana neman fizge shi. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya nuna dalilin da gurmi ke tsufa a hannun mai shi, jita kuwa ba ta kai. Akwai ma jitocin da ake sa wa wutsiyar ƙarfe a gindi a ɗaura tsirkiya can, jaki ya zauna ba liƙi, kamar na gurmi. Sautin yana ɗan sauyawa, amma ga wadda fuskarta ta riga ta lalace, gyara ne da ya fi jefarwa.

Makaɗanmu kuma ba baƙin halin fata ba ne. Mai goge da mai ganga sun san in damina ta sauka fata na yin sanyi, sai an kanga ta a wuta ko rana kafin ta yi magana. Matan Buzaye da ke ɗaura fatar akuya a bakin turmi su yi tande, su kuma ruwa suke yayyafa mata. Wanda ya iya zama da wannan, kula da jitar da aka haɗa da danƙon fata ba zai gagare shi ba.

Gani ya kori ji, don haka da jakin jitar ɗan yayata ya ɗaga, na ce kada ya bari kowa ya taɓa ta. Jika 25 ya saye ta hannun wani da ya dawo cirani, kuma da ita yake bin abokansa wasa a bukukuwa. Ya ce, "Kawu, ana biki ran Asabar." Na ce ya ari ta wani. Dattijon kafinta ya yarda a gwada, ina jin don ya nuna mini iyakata ne. Muka samo tarkacen ɗanyar fatar sa wurin majema, gefe-gefen da suke yankewa bayan an cire gashi da ruwan toka, kafin a sa bagaruwa. Wannan sharaɗi ne, don fatar da aka riga aka jeme ba ta ba da danƙo, bagaruwa ta ɗaure sinadarin. Fatar dabbar da mahautanmu suka yanka ce, saboda haka ba wata tantama a zuciya game da asalinta, abin da ba za ka iya cewa ba a kan garin da aka ƙullo daga wata ƙasa. Muka wanke ta ruwa bayan ruwa har santsin tokar ya fita, muka yayyanka ƙanana, muka ɗora a garwashi sa'o'i ba tare da ta tafasa ba, ana kwashe kitsen da ke tasowa, don kitse na raunana danƙo. Aka tace da ƙyalle, aka ƙara ɗorawa ya yi kauri, aka zuba a faranti.

Allah ya sa cikin Janairu ne. Kafin safiya ya daskare, aka yanka shi sala-sala aka shanya a inuwa, iskar hunturu ta busar da shi cikin ƴan kwanaki. Da bazara ce da wuya ya daskare, ruɓewa zai riga bushewa. Wato lokacin yin sa hunturu ne. Lokacin aiki da shi kuwa zafinmu taimako ne. A ƙasashen sanyi babbar wahalarsa ita ce da ya taɓa katako mai sanyi yake daskarewa, cikin minti guda ko ƙasa da haka, in ba a matse ba aikin ya ɓaci, har sai sun ɗumama katakon kafin su shafa. Mu rana ta riga ta ɗumama mana. Warin dai akwai shi, maƙwabcin kafintan ya yi magana. Kuma wanda aka narkar ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu a zafin nan, sai a narka daidai buƙata.

Kafin mu taɓa jitar, dattijon ya yi nasa gwajin. Ya haɗa guntaye bibbiyu, wasu da kol, wasu da danƙon. Bayan kwana biyu ya sa guduma, dukkansu katako ne ya yage. Ya naɗe wasu cikin jiƙaƙƙen buhu suka kwana biyu, na danƙon ya rabu a hannunsa, na kol ya yi laushi amma yana riƙe. Ya dube ni bai ce komai ba. Sauran biyun ya rataya musu dutse a ƙarƙashin kwanon rumfarsa ya manta da su. Sai cikin Mayu ya kira ni ya nuna mini: na kol ya zame har ana ganin layin inda ya taso, na danƙon yana inda aka bar shi. Ya ce, "To, Mushe, kowane da abin da ka kashe shi."

Gyaran jitar kansa, shafa danƙon bai ci minti guda ba. Abin da ya cinye yinin shi ne shirin wurin. Ya cire jakin, ya kankare fentin da ke ƙarƙashinsa har katako ya fito, ya yi ta goge gindin jakin yana ɗorawa yana dubawa a haske, har ya zama ko ɗigon rana ba ya ratsa tsakani. Wani maƙeri ya lanƙwasa mana ƙarfe mai sukuru da zai shiga ta ramin jitar ya matse daga ciki da waje. Aka bar ta kwana biyu kafin a sa tsirkiya. Ta ci bazara guda da damina guda yanzu, ana ta yawon biki da ita, jakin bai motsa ba. Jita ɗaya ba ta isa hujja ba, kuma ba zan rantse cewa da kol aka sa a kan wannan shiri da ta ɓalle ba. Rabin nasarar ta kankarar fentin ce da gogewar nan.

Wannan kuwa ya kai ni ga abin da ya fi damuna a kafintancinmu. Danƙon fata ba ya cike rami. In akwai giɓi tsakanin katako biyu, ƙanƙancewa zai yi ya fashe a ciki. Yana tilasta wa kafinta ya daidaita haɗinsa. Mu kuwa abin da muka saba gani shi ne katakon da aka sauke daga mota da sauran danshin kudu a jikinsa, a yanka shi ranar, a tura haɗi ko da yana lilo, a cusa kol da garin katako a giɓin, a bi da ƙusa. Hunturu ɗaya katakon ya ƙanƙance, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya leƙa bayan azuzuwan lakwal ya ga tarin teburan da suka rabu ta haɗi, katakonsu lafiya lau, yara kuma na zaune a ƙasa. Ba wani gam da zai ceci irin wannan aiki. Laifin ma ba na kafinta kaɗai ba ne. Mai saye ba ya biyan kuɗin yinin da za a ɓata ana goge haɗi, mai ba da kwangila kuma adadin tebur yake ƙirgawa ranar karɓa.

Fatunmu ana lodin su zuwa Najeriya, wasu majemun Kano, wasu tukunyar masu ganda. Tarkacen da muka dafa kuwa zubarwa ake yi, da muka nema ma dariya aka yi mana aka ce mu kwasa. Dattijon nan bai bar kol ba, da shi yake ƙofofinsa da bencinansa, kuma daidai ne. Amma ya ce in hunturu ya kama zai sake dafa wani, don samari biyu sun riga sun kawo masa jitocinsu, ɗaya daga Barmu, akwai kuma wata tsohuwar kujerar ɗaki da mai ita ba ya son a sa mata ƙusa. Ragowar na bara yana cikin gwangwanin madara mai murfi, a rataye, saboda ɓeraye.